Sunana a Bakin Inna

Abin da na fara lura da shi ranar da na shiga Sito shi ne garewani. An rataye su da igiya a jikin wani dogon ƙarfe kamar kayan shanya, kowace da ruwa a ciki, wata rabi, wata kusan cike, wata ɗan kaɗan a gindi. Ku da kuka tashi da famfo a tsakar gida ba za ku gane abin da ya sa na tsaya cak da kwanon tuwo a kaina ba. A Damagaram ta wancan lokacin, in bazara ta yi tsanani, ruwan da aka wanke shinkafa da shi ma ba a zubarwa, sai an wanke kwanuka da shi sannan a ba akuya. To ga ruwa a rataye, ba na sha ba, ba na wanka ba. Ina nan tsaye sai wani saurayi ya ɗauki sanda mai roba a kai, ya bugi garwar farko, ya bugi ta kusa da ita, sai na ji ashe kowace da muryarta. Mai ruwa da yawa tana magana kamar dattijo, mai ɗan kaɗan kuwa kamar yarinyar da aka tsokana.

"Zuwaira, shigo mana, ba a cizo a nan," in ji Kawu Mutari daga can cikin duhu. "Ilu, ga 'yar yayata. Kada ka tambaye ta komai, ba ta magana sai ranar Sallah."

Kawu Mutari ƙanen Inna ne, autansu. Ya je karatu Yamai ya dawo bai ƙare ba, ya buɗe rumfar gyaran rediyo, da yamma kuma ya tare a Sito. Sito tsohon ma'ajin gyaɗa ne na wani kamfani da ya tashi tun kafin a haife ni, can bayan Zango. Ba shi da taga ko ɗaya, har lokacin ana jin ƙanshin gyaɗa a bangonsa. Kawu da abokansa suka share shi, suka shafa farar ƙasa a bango ɗaya don nuna silima, suka jawo kuran, wato wutar lantarki, daga gidan wani tela. Abin da suke yi a ciki mutanen gari ba su san sunan da za su ba shi ba, sai suka ce da su mahaukatan Sito. Kiɗa ne da ba a rawa da shi, ba a yi wa kowa kirari a ciki. Kawu yana yawo da manyeto, na'urar ɗaukar murya mai kaset, ya ɗauki ƙarar gudumar maƙera, da kukan guga a rijiya, da tattabarun kasuwa in sun tashi, ya dawo ya haɗa su da garewanin Ilu. Shi Ilu mutumin Zermu ne, da rana ga-ruwa yake yi, shi ya sa ba ya yarda ɗigo ya zuba. In an gama kiɗa sai ya sauke ruwan kowa ya yi alwala.

Na fara da wannan wurin ne saboda wata magana da na ji ranar sadakar arba'in ta Inna. Ina cikin ɗaki, ke Nana kina bakin ƙofa kina ce wa yayanki Laminu wai Kaka ba ta taɓa son Mama ba, tun da kike ba ki taɓa jin ta kira sunanta ba. Ban fito na ce miki komai ba, don ranar ba ta gardama ba ce. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, kuma ba na so ku kai ta ga 'ya'yanku.

Gaskiya ne ba ta kira ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a gidajenmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Gidanmu kuwa gida ne mai muryoyi. Tun da asuba Inna ke kira: Hadiza, kawo ludayi! Sani, sauka daga katangar nan! Habu, wa ya ce ka taɓa? Sunayen ƙannena suna tashi a tsakar gida kamar kaji. Ni kuwa "ke" ce, ko "yarinyar nan". Wani lokacin ina zaune dab da ita har gwiwarmu tana taɓa juna, sai ta ɗaga murya ta ce, "Hadiza, ce wa yayarki ta rage wutar nan." Baba ma, da yake shi ma ni ce ta farinsa, "'yar lakwal" yake ce mini, wato 'yar makarantar boko. Wadda ta riƙe sunana ita ce Gwaggo Falmata, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta. Ita ta goye ni, a ɗakinta nake kwana. Ta sha gaya mini cewa haka kakanninmu suka zo da abin tun daga Borno, haka kuma suka tarar da shi a nan, kunya ce ba ƙiyayya ba. Na yarda da kaina, amma cikina bai yarda ba. Yarinya 'yar shekara goma sha ba ta ƙoshi da bayani. Nakan zauna in ga yadda Inna ke gyara wa Hadiza ɗankwali tana yi mata faɗa, in ji da ma ni ake yi wa faɗan.

Sana'ar Inna alkaki. Ta niƙa alkama, ta murza da mai, ta bar ta ta kwana, sannan ta riƙa naɗe ta a yatsu biyu, ta soya, ta tsoma cikin ruwan sukari da tsamiya. Ba ta duban hannunta in tana naɗi. A gindin babban yatsanta na dama akwai tabon mai, zagayayye kamar ƙwayar wake.

Wannan hannun ne ya kawo Sito cikin gidanmu. A cikin abokan Kawu akwai mace ɗaya, Anti Balki, ma'aikaciyar jinya, wadda ta sami wata tsohuwar kamara da ke ɗaukar hoto mai motsi amma ba ta ɗaukar murya. Da ta ga matan gari ba za su yarda a ɗauki fuskarsu ba, sai ta ce to, za ta yi silima ta hannuwa zalla: hannun maƙeri, hannun baduku, hannun mai kitso, hannun mai alkaki. Ita da Kawu suka zo roƙon Inna.

"Mutari, kai dai ba za ka girma ba," in ji Inna. "Hannuna za a kai bango mutane su kalla? Me ya yi musu?"

"Yaya Rakiya, ko mijinki ba zai gane ki ba," in ji Anti Balki.

"Ai shi da fuskar ma sai ya yi da gaske," in ji Gwaggo daga bakin ɗakinta. Aka yi dariya, har Inna ta rufe baki da gefen zane.

"To hannu kawai," in ji Inna. "Ban da fuska, ban da murya. Ka ji ko, Mutari?"

"Na ji, Yaya. Hannu kawai."

Aka ɗauki hoton, aka aika da shi Yamai a wanke. Kafin ya dawo na zama 'yar Sito. Kullum ni ake aika da tuwon Kawu, in na ajiye sai in raɓe a kan wani buhu in yi shiru. Wurin ya dace da ni, domin a nan ne kaɗai na ga manya suna yin abin da ake yi mini faɗa a kai, wato zama shiru ana saurare. Kawu yakan ɗora mini abin ji a kunne ya ce in faɗi mece ce wannan ƙarar. In na ce tsintsiya ce a kan daɓe, ba a kan ƙasa ba, sai ya buga cinya ya ce wa Ilu, "Ka ji ko? Kunnen gidanmu ne."

A shekarar ce na zauna jarrabawar satifika, ta gama firamare. Ranar da za mu fara na tashi na kasa shan kokona. Da na je sa takalmi sai na ga igiyar na hagu, wadda ta tsinke nake maƙale ta da fil, an ɗinke ta da baƙin zare. Na leƙa ɗaki na yi wa Gwaggo godiya, ta ce, "Wane takalmi kuma? Tafi kada ki makara." Ban tsaya tunani ba. Inna tana bakin murhu, ba ta ɗago ba. Har na kai zaure na ji ta ce, "Hadiza, ce mata ta yi bisimilla kafin ta rubuta."

Ashe a ranar ne Kawu ya zo gida da manyeto, don hoton ya dawo kuma yana bukatar ƙarar suya da zai ɗora a kai. Ya ajiye na'urar kusa da murhu, aka kira azahar, ya tashi ya tafi masallaci ya manta bai kashe ba. Inna kuwa a zatonta abin ba ya ji sai mai shi yana riƙe da shi. Yara suna waje, Gwaggo ta tafi barka. Ita kaɗai ce a gidan.

Sai da aka ba mu hutu na san da wannan. Na kai tuwo wata yamma, na tarar Kawu yana ta kai da kawo kamar wanda ya tsinci abu yana tsoron a ce ba nasa ba ne. Ya sallami Ilu, ya zaunar da ni, ya ɗora mini abin ji. Da fari mai ne ke tafasa. Sai ƙarar matsami a bakin kasko, sai kaza ta wuce. Sannan wata murya ta taso a hankali, ƙasa-ƙasa, irin ta mai yi wa kanta waƙa. Na daɗe ban gane ta ba, domin ban taɓa jin Inna tana waƙa ba.

Zuwaira ta tafi lakwal,
Ta bar mini koko ko rabi ba ta sha ba.
Takalmin hagu na ɗinke, ba ta gani ba.
Zuwaira, Zuwaira tawa,
Alƙalami kar ya yi miki nauyi,
Allah ka riƙe mata hannu.

Ta yi ta maimaitawa, tana canja wani wurin, tana komawa kan sunan. Ba ta faɗinsa yadda Gwaggo ke faɗi, ko yadda malaminmu, mushe, ke kira a aji. Tana jan tsakiyarsa, kamar mai tsotsar abu mai zaƙi ba ta so ya ƙare. Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da na tuna shi ne na sunkuya ina kallon takalmina na hagu, ina bin baƙin zaren da ido, ɗinki ƙanana a jere, irin na mai naɗin alkaki.

"Kin ji?" in ji Kawu. Idonsa ya yi ja. "Shekara nawa nake yawo da wannan akwatin, ban taɓa kama abu irin wannan ba. Tsaya ki ji abin da na yi da shi."

Ya haɗa manyeto biyu, ya sa sunan yana dawowa yana dawowa, garewanin Ilu suna amsawa daga ƙasa, man suya yana zuba a kai kamar ruwan sama. Ban san kiɗa ba, amma na san abin da na ji ya fi duk abin da aka taɓa yi a Sito. Ya ce ran Asabar mai zuwa za a nuna silimar hannuwa, kuma a daidai hannun Inna zai saki wannan. Ya ce akwai wani baƙo da zai zo daga Yamai, mai tattara irin waɗannan ayyuka yana kai su wani taro a ƙasar waje, in ya ji wannan ba zai tafi ya bar shi ba. Ya ce an gayyaci duk masu hannuwan da iyalansu, Inna da Gwaggo da matan unguwa duk za su zo.

"Gari duka zai ji uwarki tana kiran sunanki," in ji shi. "Ba abin da kike so ke nan ba? Kina tsammani ban lura da ke ba?"

Abin da nake so ke nan, 'ya'yana. Ba zan ɓoye muku ba. Na koma gida ina jin kamar an ɗinka mini sabon kaya. Ina so Hadiza ta ji, ina so 'yan ajinmu da ke cewa ni 'yar riƙo ce su ji. Na yi kwanaki ina ɗauke da abin a cikina, ina satar kallon Inna, ita kuwa tana nan yadda take, "ke", "yarinyar nan".

Ana sauran kwana kaɗan, matan unguwa suka taru a gidanmu taya Inna aikin alkakin wani biki. Cikinsu akwai Indo, matar maƙwabcinmu, yarinya ce da ɗanta na fari yana tatata. Yaron ya nufi murhu, sai ta yi ihu, "Abdu! Abdu, dawo nan!" Aka janye yaron. Da hankali ya kwanta sai tsakar gida ta ɗauki shewa.

"Yau ga marar ta-ido!" in ji Gwaggo. "Abdu, Abdu, kamar ke kika fara haihuwa a duniya. Sake faɗi mu ji, uwar Abdu."

"Wuta fa zai faɗa, Ya Falmata," in ji Indo.

"In kin ce masa 'kai' ba zai ji ba? Ku dubi Rakiya. Tun da ta haifi waccan, ko a magagin barci ba a taɓa jin ta yi subul da baka ba. Ni ce shaida, ɗakina yana jikin nata. Wannan ita ce 'yar mutunci."

Indo ta shige bayan rumbu tana share ido. Har ta tsufa "uwar Abdu" ake ce mata, kuma ba don girmamawa ba. Ni kuwa Inna nake kallo. Ba ta ɗago ba, amma na ga bayanta ya ɗan miƙe, na ga hannunta ya ƙara sauri. Inna ba ta da zinariya, ba ta yi lakwal ba, ba ta taɓa zuwa ko Dakusa da ke nan kusa ba. An kawo ta cikin dangin da ke ganin sun fi nata asali, kuma abin da ta tsaya da shi a gabansu duk shekarun nan shi ne wannan kunyar. Ita ce adonta. Sai na hango ta zaune a Sito kusa da Gwaggo, cikin matan nan, muryarta tana fitowa daga bango tana cewa Zuwaira tawa, tana dawowa, tana dawowa. Alkakin da ke bakina ya koma kamar ƙasa.

Ran Juma'a da yamma na kai tuwo. Na ajiye, ban koma kan buhuna ba. Na tsaya har Kawu ya juyo.

"Lafiya, 'yar yaya?"

"Ta ce hannu kawai."

"Wa?"

"Inna. Ta ce ban da murya. Ka ce ka ji."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce ai Inna ba ta san darajar abin ba ne, in ta ji za ta yi murna. Ya ce wannan al'ada ta tsufa, ni ce aka cuta da ita, shi kuma yana so ya rama mini. Ya ce baƙon nan ba zai sake zuwa ba, shi kuma ya gaji da gyaran rediyon mutane ana ce masa mahaukaci. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu. Sai kawai na ce,

"Gwaggo za ta zo, Kawu."

Ya juya da fushi, kafaɗarsa ta bugi garwa, ruwa ya fantsama a ƙasa.

"Haba Mutari!" in ji Ilu. "Daga ina ka san na ɗauko ruwan nan? In faɗa za ku yi, ku yi shi nesa da garwata."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya tsaya yana kallon ruwan yana bin daɓe. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwarki ce ta goye ni, kin sani? Da uwarmu ta rasu." Ya ja tsaki, ya share fuska da hannun riga. "Tafi gida. Tuwon ma ya huce."

Ran Asabar bayan la'asar aka rufe ƙofar Sito, wurin ya yi duhu kamar dare. Mata a tabarmi gefe ɗaya da zannuwan fita, maza a ɗaya gefen, baƙon Yamai a kan kujera ɗaya tilo da aka aro. Hannuwa suka fara fitowa a bango, manya-manya, kowane yatsa kamar taɓarya. Mutane suna ta canka: wannan na wane maƙeri ne, wannan na wance mai kitso. Sai ga yatsu biyu suna naɗe alkama, ga tabo kamar ƙwayar wake.

"Rakiya ce!" Gwaggo ta yi ihu. "Wallahi ga tabon! Ke Balki, ba kin ce ba za a gane ba?"

Aka fashe da dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ina kusa da ita, na ga ta bar ido ɗaya a waje. Ni kuwa ban san abin da Kawu ya yanke ba. Mai ya tafasa. Matsami ya bugi kasko. Kaza ta wuce. Sai garewanin Ilu suka shigo su kaɗai, suna amsa wa muryar da babu ita. Duk wanda ke wurin ya ji kiɗa, ni da Kawu da Ilu muka ji gurbi.

Da aka buɗe ƙofa na raɓe kusa da su na ji abin da baƙon ya ce. Ya yaba hoton Anti Balki. Game da kiɗan kuwa ya ce akwai dabara, amma bai ji abin da zai kama mutum a ƙirji ba, kamar an gina ɗaki ba a sa kowa a ciki ba. Kawu ya ɗago ya dube ni. Kaset ɗin yana cikin aljihun rigarsa, ina ganin shacinsa. Ya ce wa baƙon, "Haka ne. Allah ya kiyaye hanya." Baƙon ya tafi da aikin wasu. Kawu bai sake samun irin wannan damar ba. Bayan 'yan shekaru mai wurin ya karɓi Sito ya zuba siminti a ciki, Kawu ya ƙare rayuwarsa a rumfar rediyo, inda kuka san shi, tsohon nan mai ba ku dabino. In kun tuna yadda nake durƙusa masa har ƙasa kuna mamaki, to ga dalili.

A hanyar komawa gida hadari ya taso daga gabas, iska tana kaɗa mayafai. Inna tana gaba da Gwaggo, suna gardamar ko hannun mai kitso ya fi nata kyau. Ba ta juyo ba ta ce, "Hadiza, ce wa yayarki ta rufe kanta, ba ta jure sanyi." Kalmomin da na saba ji ne. Amma daga ranar na iya jin su. Inna ta rayu har ta ga jikokinta, ta rasu ba ta san na ji waƙar ba, ba ta kuma kira sunana ba ko sau ɗaya, har a ciwon ajali, inda ni ce ke juya ta. Ni ma ban taɓa neman ta kira ba. Yanzu da ƙasa ta rufe ta, ta rufe Gwaggo da Kawu, kunyar ta gama aikinta, shi ya sa na ga ya halatta ku sani. Kai Laminu, ina kiran sunanka tun kana zanen goyo, zamani ya canja kuma ban yi nadama ba. Amma kada ku auna ta da mudunku.

Kashegarin nunin na kai tuwo kamar kullum. Kawu shi kaɗai ne. Ya ciro kaset ɗin ya ajiye a gabana.

"Naki ne. Ɗauki."

Na kalle shi, ban taɓa ba. A gidanmu rediyo mai kaset ɗaya ce, a ɗakin Baba. Ba ni da akwati mai makulli, Sani da Habu kuwa ba abin da ba sa tonowa. Kaset ɗin da aka ajiye, wata rana sai an sa shi. Ban da haka ma, ba ni aka yi wa waƙar ba. Ta yi ta ne ita da Ubangijinta da kaskon mai, ni tsintar ta na yi.

"Ka ajiye a nan," na ce.

"A'a." Ya girgiza kai. "Na san kaina, Zuwaira. Jiya da mutumin nan yake magana, hannuna har ya kai aljihu. In yana wurina, wata rana zan sa shi."

Can wata garwa tana ɗiga a hankali cikin kwanon da Ilu ya tara mata.

"To a goge," na ce.

"Kin tabbata? In na danna jan nan, shi ke nan. Da nata da wanda na haɗa duk a nan suke, ba ni da wani. Ba za ki sake ji ba har abada."

Na gyaɗa kai. Ya sa kaset ɗin cikin manyeto, ya rufe, ya ɗora yatsa a kan jan maɓallin. Ban san lokacin da na kama hannun rigarsa ba. Ni da ban taɓa roƙon kowa komai ba, sai na ji bakina ya buɗe.

"Kawu, tsaya. Mayar da shi farko tukuna. Ba wanda ka haɗa da garwa ba, nata ita kaɗai, da kazar da komai. Ka sa mini sau ɗaya, ka ɗora mini abin jin, sannan don Allah ka fita waje ka ja ƙofar, har sai ta gama."